Wasan "suna, gari, dabba, abu": a buga shi da Hausa

Duk wanda ya zauna a benci a firamare ya san wasan nan. A yago falle daga tsakiyar littafi, a ja layuka, wani ya faɗi harafi, kowa ya duƙufa yana cike gurbin suna, gari, dabba da abu, har sai mai saurin hannu ya ce a tsaya. Amsar da mutum ɗaya kaɗai ya kawo maki 10 ce, wadda aka yi tarayya kuwa 5. Turawa ma suna da irinsa. A Amurka har kwali aka yi masa a 1988, ana sayarwa da sunan Scattergories.

Abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya shi ne, yaranmu na Talata Mafara da Turanci suke buga shi. Yaron da bai taɓa wuce Gusau ba zai rubuta biranen Ingila, amma a ce masa "B", ba zai tuna Bakura, Bunguɗu, Bukkuyum da Birnin Magaji ba, alhali huɗu ke nan cikin ƙananan hukumomi 14 na Zamfara. "M" ma ga Maradun ga Maru.

Ni dai shawarata, a mayar da wasan Hausa, a kuma ƙara gurabe. A sa itatuwa: kuka, kanya, kurna, ƙirya. A sa kifi, tunda madatsar ruwan Bakolori na nan kusa: tarwaɗa, karfasa, ragon ruwa. A nan za a ga abin mamaki, don kakar da ba ta riƙe alƙalami ba za ta kayar da ɗan Kwalejin Abdu Gusau warwas. Sai a bar ta ta faɗa da baki, jika ya rubuta mata. Gardamar da za ta tashi kan ko ƙadangare na gidan "K" ne ko na "Ƙ" kuwa, ta fi darasin rubutu guda amfani.

Wani zai ce ana fama da 'yan bindiga, wa ke ta wasa? To ai shi ya sa. Yau a ƙauyuka da yawa ba a fita dandali bayan isha'i, kuma ba mu manta Satumbar 2021 ba, lokacin da aka katse layukan waya a faɗin jihar aka bar mutane da junansu a tsakar gida. Wannan wasa ba ya neman caji ko kati. Fensir ɗaya da fitila sun isa gida guda, in ba takarda a zana layukan a ƙasa.