Binciken cutar noma: Me yawan ambaton masana ya tsinana wa yaran gabashin Sakkwato?

A ranar 15 ga watan Disamban 2023 ne Hukumar Lafiya ta Duniya, wato WHO, ta sanya cutar noma cikin jerin cututtukan ƙasashe masu zafi da aka yi watsi da su, bayan wata buƙata da Najeriya ta gabatar a madadin ƙasashe 32.

Abin da ya share fagen wannan mataki shi ne tarin maƙalolin da masana suka kwashe shekaru suna wallafawa, waɗanda da dama daga cikinsu an gina su ne a kan gwajin jini da na bakin yaran jihar Sakkwato.

A jami'o'i, ana auna darajar irin wannan aiki ne da yawan lokutan da wasu masanan suka kafa hujja da shi. To amma a ƙauyukan Wurno da Rabah da Goronyo, ma'aunin daban ne: shin za a gano cutar a bakin yaro kafin ta ci fuskarsa?

Cuta mai saurin ɓarna

Sunan cutar ba shi da wata alaƙa da aikin gona. Ya samo asali ne daga wata kalmar Girkanci mai nufin cinyewa, yayin da wasu mazauna karkara ke kiranta ciwon iska.

Takan fara ne da kumburin dasashi da warin baki, galibi ga yara 'yan shekara 2 zuwa 6 masu fama da tamowa, ko waɗanda ba su daɗe da tashi daga ƙyanda ko zazzaɓin cizon sauro ba. Cikin 'yan kwanaki sai gyambon ya huda kunci, ya ci leɓe ko hanci, har ya kai ga ƙashi.

Wani ƙiyasi da WHO ta yi a shekarar 1998 ya nuna cewa yara kimanin 140,000 ne ke kamuwa da ita a kowace shekara, kuma har kashi 90 cikin 100 na waɗanda ba su sami magani ba na iya rasa rayukansu.

Abin da jinin yaran ya nuna

Ɗaya daga cikin masanan da sunansu ya fi fitowa a wannan fage shi ne Farfesa Cyril Enwonwu, ɗan Najeriya da ya yi aiki a Jami'ar Maryland ta Amurka.

A shekarar 1999, shi da abokan aikinsa, ciki har da William Falkler da kuma Emmanuel Idigbe na Cibiyar Binciken Lafiya ta Najeriya da ke Legas, sun ba da rahoton gano wata ƙwayar bakteriya mai suna Fusobacterium necrophorum a gyambon yara masu cutar. Da yake an fi sanin ƙwayar da addabar dabbobi, sai aka yi zaton cuɗanya da tumaki da awaki a gida na da hannu a lamarin.

Gwajin jinin yaran ya kuma nuna ƙarancin sinadarin zinki da bitamin A, da hauhawar sinadarin kotisol mai raunana garkuwar jiki.

A 2005 kuma suka wallafa wani nazari a kan sinadaran da ƙwayoyin garkuwar jiki ke aika wa juna saƙo da su, inda suka tarar cewa masu haddasa kumburi sun yi yawa a jinin masu cutar. Ma'ana dai yunwa kan rikita garkuwar yaro tun kafin gyambo ya bayyana.

A 2006 Farfesa Enwonwu ya yi rubutu a kan cutar a mujallun The Lancet da New England Journal of Medicine, waɗanda ke cikin mafi girman mujallun likitanci a duniya. Har yanzu masu nazarin cutar na yawan kafa hujja da waɗannan rubuce-rubuce.

Yadda ake ƙirga ambato

Duk lokacin da wani masani ya dogara da aikin ɗan'uwansa a cikin maƙalarsa, yakan ambace shi. Wani Ba'amurke, Eugene Garfield, shi ne ya fito da kundin ƙirga irin wannan ambato a 1964.

A 2005 kuma wani masanin kimiyyar fiziks, Jorge Hirsch, ya ƙirƙiro ma'aunin da ake kira h. Idan aka ce ma'aunin masani 20 ne, to yana da maƙaloli 20 da aka ambaci kowacce aƙalla sau 20. A yau rumbunan intanet irin su Scopus da Google Scholar na fitar da waɗannan alƙaluma nan take, kuma jami'o'i kan duba su wajen ƙarin girma da rabon kuɗin bincike.

Sai dai ma'aunin na da nasa son kai. A lissafin da mujallar Nature ta yi a 2014, maƙalar da aka fi ambata a tarihi ita ce wadda Oliver Lowry da abokansa suka rubuta a 1951 a kan hanyar auna furotin a ɗakin gwaje-gwaje. An ambace ta fiye da sau 300,000, domin kusan duk mai nazarin ƙwayoyin halitta yana buƙatar wannan dabara.

Wato yawan ambato ya danganta ne da yawan masu aiki a fagen. Cutar da masu bincikenta a duniya ba su taka kara sun karya ba, kamar noma, ba za ta taɓa samar wa masani irin alƙaluman da cutar daji ko ciwon zuciya ke samarwa ba, komai ingancin aikinsa.

Wannan ne ya sa wasu editoci da masana suka tsara sanarwar San Francisco a 2012, wadda ta nemi a daina auna masani da sunan mujallar da ya yi rubutu a cikinta.

Gyara daga Damagaram

Haka kuma yawan ambato ba ya nufin an kai ƙarshen magana. Wata tawagar masana daga Janiba ta ƙasar Suwizalan ta kwashe shekaru shida tana nazarin yara a yankin Damagaram na Jamhuriyar Nijar, ta kuma wallafa sakamakon a 2013.

Binciken bai tabbatar da cewa waccan ƙwayar ta dabbobi ce ummul'aba'isin cutar ba. Abin da ya nuna shi ne rikicewar daidaiton ƙwayoyin bakteriyar da ke zaune a baki, tare da tamowa mai tsanani, da rashin lafiya na baya-bayan nan, da yawan haihuwar da uwa ta yi.

A kan abu guda dai ɓangarorin biyu suka haɗu: talauci ne tushen cutar.

Tazara tsakanin mujalla da ƙauye

A nan ne maganar ta shafi gabashin Sakkwato kai-tsaye. Yanki ne mai tarihi da albarka: a Wurno aka binne Sarkin Musulmi Muhammadu Bello a 1837, a Rabah aka haifi Sardauna Ahmadu Bello, madatsar ruwan Goronyo da ke kan kogin Rima kuma na shayar da gonakin shinkafa da albasa da tafarnuwa.

Amma abubuwan da masana suka lissafa a matsayin masu buɗe wa cutar ƙofa ba baƙi ba ne a jihar. Binciken lafiyar al'umma na ƙasa na 2018 ya nuna cewa kimanin kashi 5 cikin 100 ne kacal na ƙananan yaran Sakkwato suka sami cikakkiyar allurar rigakafi, adadi mafi ƙanƙanta a Najeriya a lokacin.

Ga kuma matsalar 'yan bindiga. Hare-haren da aka kai yankin Gandi na ƙaramar hukumar Rabah a 2018, da wanda aka kai kasuwar Goronyo a watan Oktoban 2021 inda gomman mutane suka hallaka, sun raba iyalai da gonakinsu. Inda noman abinci ya tsaya, tamowa ce ke biyo baya, kuma ma'aikatan rigakafi kan kasa shiga.

Akwai asibitin yara masu cutar noma a birnin Sakkwato, wanda aka buɗe a 1999, kuma ƙungiyar likitoci ta MSF ta soma tallafa masa a 2014. Sai dai tiyatar gyaran fuska ta waɗanda suka tsira ce. Da yawa ba sa kai wa ga ƙofar asibitin.

Abin lura shi ne gano cutar da wuri ba ya buƙatar na'urar ƙirga ƙwayoyin jini mai tsada, wadda ke son wutar lantarki da sinadaran da ake adanawa cikin sanyi. Ma'aikacin lafiya ne zai buɗe bakin yaro ya duba. A matakin farko, magungunan kashe ƙwayoyin cuta da wanke baki da abinci mai gina jiki na iya dakatar da ita.

Abin da ya rage

Ba za a ce rubuce-rubucen masanan sun tafi a banza ba. Da babu su, da wuya Najeriya ta sami hujjar da za ta gabatar a gaban WHO.

To amma akasarin manyan maƙalolin da ake ambata, masana ne da ke zaune a Amurka da Turai suka jagorance su, don haka can darajar ambaton ke komawa. Ga malami a Jami'ar Usmanu Danfodiyo, shiga irin wannan sahu na da tsada: kuɗin da mujallar Nature ta sanya a 2021 ga mai son kowa ya karanta maƙalarsa kyauta ya kai Yuro 9,500.

Muddin ƙarin girma ya dogara a kan alƙaluman ambato kaɗai, matashin masani na da dalilin kauce wa cututtukan ƙauyensu, ya koma fagen da ya fi yawan masu karatu.

Saboda haka ƙalubalen da ke gaban jami'o'i da asusun TETFund da ma'aikatar lafiya ta jihar shi ne su haɗa da wani lissafin: ma'aikatan lafiya nawa aka koya wa duba bakin yara a Wurno da Rabah da Goronyo, masu maganin gargajiya nawa suka san lokacin tura yaro asibiti, kuma yara nawa aka yi wa allurar ƙyanda.