Mawaƙan rap na Batsari da Safana, ina gangar gida?

1/ Jiya ƙanena daga Safana ya turo min waƙarsa ta rap a WhatsApp. Yaron ya iya baki, ba ƙarya. Amma kiɗan fa? Na kyauta ne daga YouTube, wanda kowa da kowa ya hau. Bari in ɗan yi magana.

2/ New York ce ta haifi rap, kuma ta daɗe tana yi wa 'yan kudancin Amurka kallon ƙauyawa. A 1995 har ihu aka yi wa Outkast na Atlanta da suka hau karɓar kyauta a can.

3/ Alhali tun 1991 Geto Boys na Houston sun nuna hanya. Suka yanko ɗan kiɗan jita daga tsohon faifan Isaac Hayes, mawaƙin Memphis, suka ɗora masa baitoci kan tsoro da rashin barci. Waƙar ita ce Mind Playing Tricks on Me. Kiɗan nasu, damuwar tasu.

4/ To jama'a, wa zai koya wa wanda ya kwana a gefen dajin Rugu tsoro da rashin barci? Labari kam kuna da shi. Saura sautin da zai ɗauke shi.

5/ Ga gangar noma, ga kalangu, ga kiɗan ƙwarya. Jiharmu ce ta fitar da Shata da Barmani Choge. Shata ya rasu a 1999, Barmani a 2013, an dace akwai kaset ɗinsu.

6/ Makaɗan ƙauye ne abin ji. 'Yan bindiga sun tarwatsa garuruwa, gayya ta yi wuya, wasu makaɗan suna gudun hijira. Ranar da tsoho ya kwanta dama, kiɗansa ya bi shi. Wayar hannunka ta isa ka naɗe shi yau.

7/ Amma ban ce ku yi sata ba. A 1991 kotu a New York ta kama Biz Markie da laifin yanko waƙar wani ba izini. Ka je wurin baba ka gaishe shi, ka nemi izini, ka biya, ka ambaci sunansa. Haƙƙi ne wallahi.

8/ Na san za a ce ƙauyanci ne. Haka aka ce wa 'yan Atlanta. Ni dai na faɗa wa ƙanena: wanda Legas take da dubunsa ba za ta saya a hannunka ba. Kai mata gangar Safana.