Sharhi: Tukunyar wake da kaskon Indomie a Tasawa

Sharhinmu na yau a bakin titi za mu yi shi, wurin masu abincin sayarwa.

Tasawa gari ne na kan hanya. Babban titin ƙasa mai lamba 1, wanda ya taso daga Yamai ya bi ta Maraɗi ya nufi Damagaram, ta nan ya ratsa, kuma duk motar da ta tsaya cike take da masu jin yunwa. Sana'ar ciyar da baƙo ta girmi kwalta nesa ba kusa ba. Baturen nan ɗan Jamus, Heinrich Barth, wanda ake kira Abdulkarim, da ya yada zango a Tasawa a watan Janairun 1851, ya rubuta cewa ya tarar da dafaffen abinci a kasuwa, har da fara da daddawa.

Duk da haka, iyayenmu sun ɗauki cin abincin kasuwa abin kunya ga magidanci. Idan aka gan shi a kan benci da kwano a hannu, sai a fara raɗa: ko uwargida ta yi yaji ne? Yau wannan kunyar ta kau, kuma ni ban yi kewarta ba. Malamin makarantar da aka tura Mayahi ko Kanambakashe ya baro iyali a Maraɗi, da ɗan kabu-kabun da ya fito tun asuba, da manomin Urafan da ya kawo gero ranar kasuwa, ina za su ci? Sai da ruwan ciki ake jan na rijiya.

Ku je tasha da hantsi ku gani. Ga baiwar Allah a ƙarƙashin rumfar zana, roba uku a gabanta: shinkafa da wake, dambu da zogale, ɗanwake yana tururi. Yaro ya miƙa kwano: "Inna, zuba mini ta dala arba'in, a ƙara yaji." Ta zuba, ta yaryaɗa mai, ta barbaɗa albasa, sannan ta ɗora ɗan gyara ba tare da ya roƙa ba. Wannan matar tun daren jiya ta tsince wake, kafin kiran assalatu ta hura wuta. Da ribar robar nan ake biyan kuɗin makaranta, ake zubin adashi, ake haɗa wa ƴa kayan ɗaki.

Ku koma wurin da almuru, sai ku tarar kasuwar ta koma hannun mai shayi: teburi, burodi, gwangwanayen madara, kiret ɗin ƙwai, da katon ɗin Indomie. Matashi ya zauna: "Maigida, biyu da ƙwai biyu." Kafin ya gama duba wayarsa an ajiye masa faranti.

Wannan taliyar ta yi doguwar tafiya kafin ta iso mu. Wani ɗan kasuwa a Japan, Momofuku Ando, shi ya ƙirƙiro taliya mai saurin dahuwa a 1958. Sunan Indomie daga Indunusiya ya fito. A Najeriya ake sarrafa wadda muke ci, ta shigo mana ta iyakar Katsina da Daura. Alkamar da aka yi ta da ita kuwa, galibinta a jirgin ruwa ta zo daga ƙetare. Haka fulawar burodin, haka yawancin shinkafar da ke robar Inna. Shi ya sa lokacin da aka rufe iyakoki bayan juyin mulkin 26 ga Yulin 2023, masu shayi da masu shinkafa suka ji a jikinsu tun kafin a kai ga manyan kantuna. Ludayi ya ƙanƙance, gyara ya ɓace.

To ga abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya. Nijar na sahun gaba a duniya wajen noman wake, Najeriya ce kaɗai ke gabanta, kuma gonakin Tasawa da Mayahi na cikin masu cika buhunan. Me ya sa waken namu ke fita a mota, taliyar wasu ke shigowa a katon? Masu cewa yaran yanzu sun raina abincin gida ba su yi musu adalci ba. Ba a ɗanɗano Indomie ta yi galaba ba, a lokaci ne da itace. Minti kaɗan a kan ɗan gas ta nuna, wake kuwa sai ya cinye damin itace. Mai shayi ba zai iya jira ba, mai saye ma haka.

Maganin ba a nesa yake ba. Matan Dogonduci sun daɗe suna sarrafa wake su yi beruwa, a busar, a ajiye, a turara cikin ɗan lokaci. Garin ɗanwake haɗaɗɗe ma akwai shi a leda. Ranar da irin waɗannan suka hau teburin mai shayi da farashin da ya dace da aljihun ɗan kabu-kabu, zai saya.

Sai batun ruwa, wanda ba na son mu wuce shi. Kwano ɗaya na wankin hannu, mutum goma sun tsoma a ciki, na sha ɗaya ma ya tsoma. Jihar Maraɗi ta ga annobar amai da gudawa a 2018, ta sake gani a 2021. Hukumomin gari da ke yankar wa waɗannan mata tikitin haraji, ya kamata kuɗin ya dawo musu ta hanyar famfo kusa da rumfa da wurin zubar da shara. Kafin nan, ke mai abinci, ajiye buta da sabulu a zuba wa kowa nasa. Kai kuma mai ci, in ba ka ga buta ba, ka tambaya.