Lantarki Daga Shara: Mu Jujinmu Taki Ne

Edita,

Ina roƙon ka ba ni fili a jaridarmu mai farin jini in tofa albarkacin bakina kan maganar samar da wutar lantarki ta hanyar ƙona shara, wadda ake ta muhawara a kanta a majalisarmu.

Ni mai injin niƙa ne a Batsari. Kuɗin mai ya cinye ribata, shi ya sa duk inda aka ambaci wuta sai in kasa kunne. Abin dai ba tatsuniya ba ne. A Adis Ababa ta ƙasar Habasha an buɗe tashar Reppie a 2018, a gefen jujin Koshe wanda ya rufta a 2017 ya kashe mutum sama da 100. An gina ta don ta ƙona tan 1,400 na shara kullum. Wutar ta tafasa ruwa, tururin ya juya inji, sai ga lantarki.

To amma jama'a, ina Batsari da Safana za su samo shara mai yawan haka? Sharar gidajenmu fa toka ce da rairayi da kashin dabbobi, toka kuwa ba ta cin wuta. Kuma jujin nan shi ne takin da muke kaiwa gona kafin damina, tunda buhun takin zamani ya gagari talaka. In an ƙone shi, da me za mu noma rogo da gero?

Abin da ya addabe mu leda ce, mai kashe awaki da toshe magudanar ruwa. Ita ke cin wuta sosai, amma hayaƙinta guba ne, sai tashar da ke tace hayaƙi. Irin wannan aiki ya dace da birni kamar Kano. Kada mu manta da tashar iska ta Lambar Rimi mai megawat 10, wadda aka shekara fiye da goma ana jiranta.

Dokar lantarki ta 2023 ta ba jihohi ikon samar da wutarsu. Don haka ina kira ga gwamnatin Jihar Katsina, don Allah a kafa mana ƙananan tashoshin hasken rana a kasuwanni da asibitocinmu, a bar mana jujinmu. Wanda ya daka ta wani, ya rasa turmin daka tasa.

Allah Ya ba mu zaman lafiya da damina mai albarka, amin.

Naka,
Mai injin niƙa,
Bakin Kasuwa, Batsari.