Katangar da ke kan kwana

A Ingila, mai gida yana iya ɗaga katangarsa har mita 2 ba tare da neman izini ba, amma in tana bakin titin mota, mita 1 ce iyaka, sai in hukumar yankin ta amince. Ina goyon bayan wannan bambanci. Mu nan katanga sutura ce, ba mai son a riƙa leƙa masa tsakar gida, ga kuma fargabar ɓarayi. To, gidan da ke kan kwana fa? An ja bulo har bakin kwalta, ɗan acaɓa ba ya hango yaron da ya fito daga lungu a guje. Ya kamata hukumomin tsara birane irin su KNUPDA ta Kano su sassauta a cikin unguwa, su tsananta a mahaɗar hanyoyi tun kafin a haƙa tushe.