Wayar da "ba ta jin ruwa": an ci Samsung da Apple tara, amma wa zai bi wa mai saye a Garwa haƙƙinsa?

A watan Yunin 2022 kotun tarayya a Ostareliya ta ci reshen kamfanin Samsung na ƙasar tarar dalar Ostareliya miliyan 14 saboda talla. Tsakanin 2016 da 2018 kamfanin ya yi ta nuna wasu wayoyinsa samfurin Galaxy, ciki har da S7 da S8 da Note 8, a matsayin waɗanda za a iya shiga wurin ninkaya ko teku da su. A gaban kotu Samsung ya amsa cewa idan wayar ta shiga irin wannan ruwa, aka kuma sa ta caji kafin ta bushe, wurin cajin na iya yin tsatsa ya daina aiki.

Kafin nan, a watan Nuwamban 2020, hukumar sa ido kan kasuwanci ta Italiya ta ci Apple tarar yuro miliyan 10, sama da sefa biliyan shida da rabi ke nan. Kamfanin ya yi tallar cewa iPhone 8 zuwa iPhone 11 na jure ruwa na tsawon minti 30, bai kuma bayyana a fili cewa a ɗakin gwaji aka auna hakan ba, cikin tsaftataccen ruwa marar motsi. Abin da ya ƙara wa hukumar haushi shi ne duk wanda ruwa ya lalata wa waya, in ya kai ta gyara, sai a ce masa garanti bai shafi ɓarnar ruwa ba.

A shari'un biyu lambar da ke cikin tallar gaskiya ce, sharaɗinta ne aka ɓoye. Alamar IP68 da ake bugawa a jikin kwali tana nufin ƙura ba ta shiga, kuma sabuwar waya ta jure nutso a ruwa mai tsabta zuwa wani zurfi da kamfanin ya ƙayyade. Ba ta ce komai ba kan ruwan gishiri ko na sabulu. Roba da gam ɗin da ke tare ruwan ma suna saki da tsufa, da zafi, da faɗuwa ƙasa. Wayar da ta sha ranar Garwa ko ta Njamena shekara guda, mai gyara kuma ya taɓa buɗe ta ya canza gilashi, ba ita ce wadda aka gwada a ɗakin gwaji ba.

A kasuwannin yankinmu, inda Tecno da Infinix da itel na kamfanin Transsion suka fi kowa ciniki, tallar da ta fi jan mai saye ta lambobi ce. Za a rubuta 16GB RAM da manyan haruffa, a ƙasa kuma da ƙanana a ce 8+8. Takwas na farko ne RAM na gaske. Sauran aro ne daga ma'ajiyar wayar, wadda ba ta kai RAM sauri ba ko kusa, don haka wayar ba za ta yi aikin mai 16 ba. Kamfanoni da dama suna wannan lissafi, ba Transsion kaɗai ba. Haka kyamara mai megafiksel 50: galibi tana haɗa ɗigo huɗu su zama ɗaya, hoton yau da kullum ya fito da kusan 12. Ƙananan rubutun da ke bayyana waɗannan sharuɗɗa da Turanci ko Faransanci suke, mai saye Bahaushe kuwa sau da yawa daga bakin mai shago yake jin fassararsu, shi kuma mai shago ciniki yake nema.

Akwai kuma jabu, wanda wannan zamba ce kai tsaye: wayar da aka sauya wa manhaja ta riƙa nuna ma'ajiya mai girma alhali abin da ke ciki kaɗan ne. Sai hotuna sun fara ɓacewa ake ganewa.

Dokoki dai akwai su. Kamaru na da dokar kare masu saye tun 2011, Nijar ta yi tata a 2015, ƙungiyar CEMAC ta fitar da ƙa'idar bai ɗaya a 2019, Nijeriya kuma na da hukumar FCCPC. Matsalar ita ce ikon kowace hukuma a bakin iyaka yake tsayawa, waya kuwa ba ta tsayawa. Ɗan kasuwa ya saro kaya a Farm Centre ta Kano, ya sayar a Marwa ko Kusiri, wanda ya saya ya kai wa ƙaninsa a Njamena. In wayar ta lalace, wace ƙasa za a kai ƙara? Kamfanoni da yawa suna ɗaure garantinsu da ƙasa ko yankin da aka fara sayar da wayar, kuma ba sa sauraron wanda ba shi da rasit. A cinikin amana irin na zango da kasuwar unguwa, neman rasit ma kan zama kamar zargi. Mutum ya gwammace ya haƙura da asarar jaka tamanin da ya ɓata da ɗan garinsu.

Ko a Turai da Ostareliya ba mai saye ɗaya ne ya kayar da waɗannan kamfanoni ba. A Ostareliya hukumar gwamnati ACCC ce ta shigar da ƙara a 2019, ta kuma bi ta shekara uku. A Faransa wata ƙungiya mai zaman kanta da ake kira HOP ce ta kai ƙorafi, daga nan hukumar DGCCRF ta yi bincike, a watan Fabrairun 2020 Apple ya amince ya biya yuro miliyan 25 saboda bai sanar da masu iPhone 6 da SE da 7 cewa sabunta manhaja na iya rage saurin wayoyinsu ba. An kuma tilasta masa liƙa sanarwar a shafinsa na Faransa na tsawon wata guda. Irin wannan aiki na buƙatar masu bincike da ɗakin gwaji da lauyoyi, kuma a nan ne hukumomin yankinmu suka fi rauni. Ƙungiyoyin kare masu saye da ke akwai sun fi mayar da hankali kan farashin shinkafa da iskar gas da kuɗin kira, kuma da wuya a ga laifinsu.

Tun ranar 20 ga Yunin 2025 Tarayyar Turai ta wajabta wa wayoyin da ake shigarwa kasuwarta wata takardar shaida mai nuna daɗewar batir, da jure faɗuwa, da matakin kariya daga ruwa da ƙura, da sauƙin gyara, duk bisa ma'auni ɗaya. Wayar da aka shigo da ita Duwala ko Kwatano wannan doka ba ta shafe ta ba. Abin da ke hannun mai saye a nan shi ne ya danna *#06# tun yana cikin shago, ya ga lambar IMEI ta yi daidai da ta jikin kwali, sannan a rubuta masa ita a rasit tare da samfurin wayar da adadin RAM na gaske, ban da na aro.