Dillali ba ya mallakar kara

Duk wanda ya taɓa shiga kara neman ragon layya ya san aikin dillali. Zai ja mai dabba gefe ya yi masa raɗa, ya dawo wurin mai kuɗi ya ce ya ƙara wani abu, ana albarka ana tayi har a sallama, sannan ya karɓi la'adarsa. Ana haƙuri da halinsa ne saboda ga wasu dillalan a tsaye. In ya cika haɗama, mai rago ya ja igiyarsa ya yi gaba. To a ce mutum ɗaya shi ne dillalin mai sayarwa, shi ne na mai saye, filin karar nasa ne, kuma kunnensa kaɗai ke jin tayin kowa. Wa zai san ainihin kuɗin ragon?

Haka kasuwar tallar intanet take a hannun Google. Manhajar da jaridu ke sayar da gurbin talla da ita tasa ce, tun da ya sayi DoubleClick a 2008 kan dala biliyan 3.1. Dandalin da ake gwanjon gurbin, wanda ake kammalawa kafin shafi ya gama buɗewa a wayar mai karatu, nasa ne, kuma la'adarsa a nan kusan kashi 20 cikin ɗari ce. Manhajar da masu talla ke tayi da ita, ita ma tasa ce. A watan Afrilun 2025 Mai Shari'a Leonie Brinkema ta wata kotun tarayya a jihar Virginia ta yanke hukuncin cewa Google ya yi babakere a wannan kasuwa ba bisa doka ba, Ma'aikatar Shari'a ta Amurka kuma ta nemi a tilasta masa sayar da dandalin gwanjon. Muna tare da wannan buƙata. Ba za mu ɓoye ba, muna da ruwa da tsaki a maganar: jarida ce ke biyan wakili, ta tura shi gari ya nemo labari, kaso mai tsoka na kuɗin tallar kuma ya maƙale a hanya. Kura da shan bugu, gardi da karɓe kuɗi.

Masu adawa da raba kamfanonin suna da hujja, kuma ba ta wasa ba ce. Suna cewa girma ba laifi ba ne, mutane na amfani da Google da WhatsApp ba tare da biyan ko kwabo ba, to ina cutar? Suna kuma tuna mana tarihi. Kotun Ƙolin Amurka ta tsaga Standard Oil gida 34 a 1911 bisa dokar Sherman ta 1890, amma mai kamfanin, Rockefeller, sai ma ƙara arziki ya yi, domin hannun jarinsa a ƙananan kamfanonin ya yi daraja. An raba AT&T a 1984, aka fitar da kamfanonin waya na yanki guda bakwai daga cikinsa, a kwana a tashi yawancinsu suka sake haɗewa. Gaskiya ne. Sai dai a tsakanin rabuwar da sake haɗewar ne kuɗin buga waya mai nisa ya faɗi warwas, ƙananan kamfanoni suka samu damar jona layukansu, intanet ta samu ƙasar da ta tsira a kai. Ko Microsoft da aka yanke hukuncin tsaga shi biyu a 2000, kotun ɗaukaka ƙara ta soke a 2001, tsoron shari'ar ya sa ya sassauta riƙo a daidai lokacin da wani ƙaramin kamfani mai suna Google ke rarrafe.

Zancen kyauta kuwa, kotu ta riga ta tona shi. A shari'ar da Mai Shari'a Amit Mehta ya yanke a watan Agustan 2024, an ji cewa a 2021 kaɗai Google ya biya sama da dala biliyan 26 ga irin su Apple da Samsung don in mutum ya buɗe waya shi zai tarar a bakin ƙofa. Mai kayan da ya yarda da ingancin kayansa ba ya kashe irin wannan dukiya don hana maƙwabci kafa rumfa. Abin takaici, da aka zo yanke magani a Satumbar 2025, alƙalin ya ƙi raba Google da manhajarsa ta Chrome, ya tsaya kan hana yarjejeniyar keɓewa da umurnin ya buɗe wasu bayanansa ga abokan gogayya.

Tara ba ta gyara komai ba. Tarayyar Turai ta ci Google yuro biliyan 2.42 a 2017, ta ƙara biliyan 4.34 a 2018. Ya ɗaukaka ƙara, aka yi shekaru ana kai da komo, kasuwa tana nan yadda take.

Na Meta, kamfanin da ke da Facebook, ya fi ciwo, domin da ido buɗe aka bari ya faru. Facebook ya sayi Instagram a 2012 kan dala biliyan 1, ya sayi WhatsApp a 2014 kan biliyan 19, hukumomi suka sa albarka. Sai a 2020 hukumar kasuwanci ta Amurka ta farga ta kai ƙara, ihu bayan hari, kuma a Nuwambar 2025 ta sha kaye, alƙali ya ce ai yanzu ga TikTok da YouTube suna gogayya. Mu a nan mun ga ma'anar haɗe ukun a tafin hannu ɗaya ranar 4 ga Oktoban 2021. Daga bayan la'asar har kusan sha ɗayan dare komai ya ɗauke. Matar auren da ke sayar da atamfa da turaren wuta daga ɗakinta ta ɗora sababbin kaya ba su hau ba, ta koma Instagram shiru, mai yi mata aike yana jiran adireshin da ke cikin saƙon da bai iso ba. Kuskuren injiniyoyin kamfani ɗaya a Kalifoniya ya rufe mata shaguna uku a yammaci guda.

Abuja ba za ta iya raba kamfanin da ke Amurka ba, kowa ya sani. Da hukumar kula da gasa da kare masu saye, FCCPC, ta ci Meta tarar dala miliyan 220 a Yulin 2024, kotun sauraron ƙorafi ta tabbatar a Afrilun 2025, abin da ya biyo baya shi ne barazanar rufe Facebook da Instagram a Nijeriya. Wanda ya san akwai wata rumfa a gefensa ba ya yi wa masu ciniki irin wannan magana.

Amma muna da darasin gida. Mun rayu zamanin NITEL, lokacin da samun layin waya sai da hanya. Da aka ba da lasisin wayar salula a 2001, an wajabta wa kamfanoni su jona da juna, shi ya sa mai MTN ke kiran mai Glo ba tare da tunani ba, daga 2013 kuma mutum na iya sauya kamfani ya tafi da lambarsa. Turai ta ɗora wa WhatsApp irin wannan sharaɗi a dokar kasuwannin intanet ta 2022: dole ya karɓi saƙo daga wasu manhajojin. Majalisar Tarayya na iya rubuta makamancin haka, FCCPC kuma ta riƙa tsayawa kan duk wani babban kamfani da ya zo sayen ƙaramin abokin gogayyarsa a Legas ko Kano tun kafin a sa hannu a takarda.